Turmin Glenys

Glenys Pardoe ba ta san zama ba. A ɗakin gwaji na wata jami'a a Darwin, aikinta niƙa garin magani da gishirin jan ƙarfe a ɗan turmin dutse, ba ko ɗigon ruwa, har shuɗin garin ya rikiɗe kore, alamar sun haɗu. In danshin damina ya dunƙule garin, sai ta ja tsaki ta sake sabo.

Rannan aka sayo injin niƙa. Abokin aikinta Desmond ya ce, "To uwar ɗakina, yau kya huta."

Ta zauna, ta miƙe, ta zagaya injin, ko'ina a rufe ruf.

"Ji shi, sai ƙara," ta ce. "Zuwan koren fa, wa zai gani?"