Aksil ɗin Motar Mijin Balki

Danchadi

Taurari ba su gama ɓacewa ba munka fita Danchadi, ni da ɗan farina. Ba ni faɗin sunansa, Direba nake ce masa. Motar tsohuwar akori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, gadon ubansa, kuma ita kaɗai ke ratsa yashin da ke tsakanin gari da fadamarmu. To ga albasa an haƙe tana zube can, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun mota, ya karye da kaya a kai. Ruwa ɗaya in ya taɓa albasar nan, noman rani ya tafi.

Direba ya kwance abin da zai kwance, ya ce ƙafafun gaba za su ja mu a hankali. Na sayar da tumakina biyu, na ƙulle kuɗin a haɓar zane, na shiga gaba. Hankalin da ya faɗa kuwa, har mai jaki ya wuce mu yana yi mana sannu.

Bodinga

Da hantsi munka iso garejin Garba bakanike. Na sayi ƙosai na ɗari biyu, ya sha mai amma ba yaji. Garba ya shiga ƙarƙashin mota ya fito yana girgiza kai. Ya ce sabo dai, ko tumaki goma ba su saye. Munka zaga wurin 'yan gwangwan, masu sayar da ƙarafan matattun motoci, duk wanda anka ɗago sai ka ga ya fi namu jin jiki.

Garba ya ce, “Inna, akwai wata matacciya a Shagari, gidan wani Alhaji da ya rasu. Irin taku ce amma babba, ƙarfenta ya fi kauri. In an sa muku shi kun huta da karyewa.”

Direba ya sunkuyar da kai. Ni ma na san gidan. Gidan Balki ne, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, Alhajin mijinta ne. Ni na goye ta, ni na koya mata daka. Yau ta je Makka sau biyu, ni ko filin jirgin ban taɓa gani ba. Ɗanta yana aiki Abuja, ya aiko mata mota mai sanyi har da mai tuƙa ta. Ban ce ba rabonta ba ne. Na dai ce ni ce babba.

“Babu wata matacciyar a duk ƙasar Sakkwato?” in ji ni.

“Akwai, Inna. Albasarku ce ba ta jira.”

Ya kwaso kayan aikinsa ya hau baya.

Shagari

A shingen 'yan sanda, wani ya leƙo ya ce, “Hajiya, ina zuwa da wannan gawar?” Na ce ni ba Hajiya ba ce, Hajiyar za mu gani. Ya yi dariya ya ɗaga mana itace.

Ana kiran azahar munka shiga. An yi wa gidan sabon fenti. Balki ta fito da gudu ta rungume ni, haƙorin Makka yana walƙiya, ta zaunar da ni kan kujerar da mutum ke nutsewa ciki. Ruwan da ta kawo sai da ya riƙe mini haƙora don sanyi. Shinkafa da kaza, na ci kaɗan don kada a ce yunwa ta kawo ni.

Abin da ya fi tsaya mini ba kazar ba ce. Ita tana kiran Direba da sunansa gatsau, tana jan kunnensa, tana tambayarsa yaushe zai rage tumbi. Shi kuma yana ta dariya, “Inna Balki, ki bari mana.” Ni da na haife shi, shekara arba'in, hirarmu ba ta wuce an ci an sha.

Matacciyar motar tana bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. Balki ta ce, “Yaya, wane irin saye kuma tsakaninmu? Ku kwashe duka, na gaba da na baya.”

Garba ya ce daidai ke nan, don haƙoran da ke cikin wannan ƙarfe ba su zo ɗaya da na motarmu ba. In an sa na baya kaɗai, ranar da anka haɗa ƙafa huɗu, gaba da baya ba za su yi tafiya ɗaya ba.

Na ce, “Ɗaya ya karye, ɗaya za mu ɗauka. Ba kwasar gida munka zo ba.”

“Yaya, ruɓewa yake yi nan.”

“Ya ruɓe a gidan mai shi.”

Direba ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Sunka yi ta fama da tsatsa har magariba, da safe sunka ƙarasa. Na kwana a ɗakin baƙin Balki, fanka na juyawa a kaina, barci bai zo da daɗi ba.

Mandera

Kan kwalta motar ta tafi sumul, da ƙafafun baya kaɗai take ja. Na ce wa Garba, “Ina abin da ka faɗa?” Ya gyara zama kan kayan aikinsa.

Direba ya samu dakon albasar wani manomi a Mandera, ya ce da shi za a sallami Garba. Munka ratse, anka yi lodi. A fitowa akwai wani kwari mai yashi, dole ya ja ƙaramar giya ya haɗa ƙafa huɗu. Sai motar ta fara tsalle kamar akuyar da anka ɗaure wa ƙafa. Baya na turawa, gaba na cijewa. Mun fita yashin dai. Muna hawa ƙasa mai tauri giyar ta ƙi fita, sai ji munka yi ƙas daga gaba, mai ya fara zuba.

Garba ya sauko ya duba. Ya ce na gaba ya karye, na baya lafiya lau, za ta kai mu ko'ina kan hanya mai kyau. Yashin fadamarmu ne dai ba za ta shiga ba.

Babu wanda ya dube ni. Direba ya tsaya yana kallon gabas, inda hadarin ya yi baƙi. Can ya ce, “Inna, ina za mu?”

Na gyara lulluɓi. Na ce, “Ka san hanya.”

Shagari kuma

Tun daga nesa na hango shi a ƙofar zaure, kan duwatsu, an goge shi da kananzir. Aksil ɗin gaba. Balki na zaune kusa da shi kan tabarma. Ashe muna fita ta kira 'yan ƙarfi sunka kwance shi.

“Yaya, kun yi mantuwa,” in ji ta.

Da ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Na kwance haɓar zane na ce wannan kam sai na biya. Ta ce to, amma ba da kuɗi ba, a tafi da ita Danchadi. Rabonta da fadamar tun rasuwar Innarmu, motarta ba ta shiga yashi, mai tuƙa ta kuwa ba ya magana sai an tambaye shi.

Da la'asar Garba ya gama. Na sa Balki a tsakiya, wurin da giya ke bugun gwiwa, ni na riƙe taga.

Gida

Mun sauke albasar mutumin Mandera a Bodinga, Garba ya karɓi ladansa ya sauka. Daga nan har Danchadi bakin Balki bai rufe ba, ita da Direba, labarin yarintarsa da ni ban san ta riƙe ba. Na yi kamar ina gyangyaɗi, amma duk na ji.

Ba mu shiga gari ba, fadama munka nufa. Da munka zo yashin ya haɗa ƙafa huɗu, na riƙe ƙofa. Motar ta ratsa kamar kan tabarma. Maƙwabta sunka taya mu, sawu uku anka yi, Balki da haƙorin Makkanta tana cusa albasa a buhu, zanenta mai tsada ya yi buɗu-buɗu. Buhun ƙarshe na shiga rumfa iska ta taso. Washegari ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Garba bakanike da bai ce ai na faɗa ba. Na gode wa maƙwabtanmu na Danchadi. Balki ma na gode mata, har na ba ta buhu guda na manyan, kodayake ƙarfen dai na mijinta ne.