Yadda Jin Baogen Ya Samu Suna Mai Jela

Jin Baogen ya fara neman abinci da yawon ƙauyukan Yiwu, yana ba da alewa ana ba shi gashin kaji. A nan ya koyi haƙuri, bai kuma ƙara koyon komai ba. Da ya auri Lou Cuifen, sai ta karɓi ragamar tunani, ta bar masa ɗaukar kaya.

Rumfarsu a babbar kasuwa ta mutum-mutumin waliyyan coci ce, na roba, manya da ƙanana. Masu saye daga Peru da Mexico suke zuwa, kuma a bakinsu Cuifen ta tsinci Sifaniyanci, rabi ciniki rabi zagi. Ta raɗa wa kanta Guadalupe. Daga nan duk layinmu na kasuwa ya taso mata, kowa na son a faɗa masa yadda sunansa yake a harshen baƙi. Sai ta buɗe wata kalanda mai sunayen waliyyai, ta lumshe ido kamar mai duba. Mai sayar da lema ya fito Ramon. Mai maɓallai, wadda ko murmushi ba ta iya ba, ta fito Consuelo, wato mai sanyaya zuciya.

Baogen kaɗai aka bari.

"Ni fa, uwar yara?"

"Na duba, tsoho. Naka ba shi da ɗan'uwa a can. Ɗauko kwalin nan."

Shekara goma sha tara yana ɗauko kwalin nan. Baƙi suna kiransa da fito ko da yatsa. A katin rumfa sunanta ne kaɗai, da ruwan zinare. Abin yana cin sa, ko dare ɗaya bai taɓa daina cin sa ba.

Ranar da Cuifen ta tafi Hangzhou wajen haihuwar 'yarsu, sai ga Eulalia, wata tsohuwa 'yar Peru da ta daɗe tana sayen kayansu, tare da tafintarta. Baogen ya zuba musu shayi, ya goge gumi, ya ce wa tafinta, "'Yata, tambayar min ita, me ake ce wa Baogen a garinsu?"

Eulalia ta ce babu.

Ya sunkuyar da kai. "Haka uwar yara ta ce. Ita dai ta yi sa'a, Cuifen ya zama Guadalupe."

Da aka fassara, dariya ta kusa kayar da tsohuwar a kan waliyyai. "Wa ya ce masa? Cuifen ma babu! Ramon ɗinku ma babu! Zaɓa kawai ta yi, kamar mai zaɓen takalmi."

Baogen ya ajiye butar shayi. Sannan ya ce, "To a ba ni wanda ya fi kowanne tsawo."

Eulalia ta haɗa sunan kakanta da na wani limamin cocinsu, ta ƙara masa Don a gaba, kalmar girmama manya a garinsu. Washegari mai buga kati ya cika kwali da Don Maximiliano Baltasar Jin. Sai da aka rage girman harufa kafin ya shiga. Kafin matarsa ta dawo, ya raba katin ga duk wani baƙo mai dogon hanci da ya gifta layin.

Cuifen ta juya katin gaba da baya.

"Faɗi sunan naka in ji, tsohon kwano."

Ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya gyara zama. "Manya ba sa kiran sunansu da bakinsu."

Har yau bai iya faɗinsa ba. Amma baƙi sun ga Don a kati, sun ɗauka shi ne mai rumfar, ita kuwa mai yi masa aiki. Duk wanda ya zo sai ya ce a kira masa maigida su gaisa. Cuifen ba ta wasa da mai saye, don haka takan juya wajen kwalaye, haƙora a cije.

"Maximiliano!"

Shiru. Yana jin ta sarai.

"Don Maximiliano Baltasar, don ubanka, fito!"

Sai ya fito a hankali, hannuwa a baya.