Gaisuwar Hanci a Ɗakinmu na Doha

Rabin hantar da ke cikin Yayana tawa ce. Giya ta cinye tasa, likitoci a Indiya suka yanki tawa suka dasa masa, suka kuma ja masa kunne cewa in ya sake ko kurɓa ɗaya, kabarinsa yake haƙawa. Da ya warke ya koma aikinsa na tuƙi a Doha, Inna ta sa ni gaba sai da na biyo shi. A ganinta ƙasar Larabawa ce, ko da kuɗinka ba za ka ga kwalba ba. Ba ta san Bature yake tuƙawa a Nu'aija ba, mai takardar izinin sayen giya, wanda abin da ke firjinsa ya isa ya bugar da unguwa guda.

Na samu aikin gadi, muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz, mu da wani ɗan Zangon Kumasi mai shara a filin jirgi. Damuwata ɗaya ce. Ta yaya ƙani zai dubi wan da ya goya shi ya ce, buɗe bakinka in sunsuna?

Sai na lura da yadda 'yan ƙasar ke gaisawa, hanci ya taɓa hanci. Da Yaya ya dawo aiki na tare shi a bakin ƙofa na miƙa masa nawa.

Ya ja baya. "Kai, lafiyarka?"

Na ce, "Al'adar gari ce, Yaya. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai kai ma sai ka nemi taka."

Ɗan Kumasi ya kife kan katifa yana dariya. "Massa, kafil naka ma, ubangidan da ya kawo ka ƙasar nan, hannu yake ba ka, in ya ga dama. Kai wane Balarabe ne?"

Ban kula shi ba. Kullum sai mun haɗa hanci, har na haddace cimar Yaya kaf. Na san ranar da ya ci kifi wurin 'yan Kerala na Indiya, na san ranar tafarnuwa, wadda nake shaƙa ina hawaye ina hamdala. Shi ma ya saba, yakan sunkuyo ko da waya yake yi.

Sannan ƙamshin kanumfari ya fara. Bayansa turaren ud ya biyo, a jikin mutumin da ko sabulun wanka sai ya ari nawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya fi ɓacin ran. A bakin get nake tsayuwa cikin zafin nan mai narka kwalta ina shirya huɗubar da zan yi masa. Akwai tabon cikina a ciki, akwai Inna, akwai aya da hadisi. In na iso ɗaki sai in miƙa hanci, in shaƙi kanumfari, in ce sannu da aiki.

Wata ranar hutunsa ya fita da hantsi, ya dawo bayan azahar. Ban ko tashi ba ya zo ya dafa kafaɗuna, ya ɗora hancinsa kan nawa, ya saki numfashi mai tsawo. Babu kanumfari, sai warin giya. Ɗan Kumasi ya dube mu, ya tuna yana da aiki a waje, ya fice da takalmi wari da wari.

Yaya ya ce, "Ka ji?"

"Na ji."

"Tun bayan salla ne. Na gaji da taunar abin nan, duk ya ƙona mini harshe."

Na nemi huɗubata na rasa ko bisimillarta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, likita ya ce sau ɗaya mutum ke bayarwa. Ba ni da wata."

Ya zauna bakin gado. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini.

"Kira mini asibitin da ke duba hantar nan. Ni in na kira, kashewa nake yi kafin su ɗauka."