Sallamar Gidan Hudu Mai Waya

Wanda Ya ba mu aron rai Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, 14 ga Oktoba 1947, direban lorin Bawku ya tsaya a rumfata a Salaga ya ce Hudu Mikaila, mai gyaran tocila a zangon Yendi, ya rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Hudu, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Aikinka nawa gare shi. Tocilata ta ci kasuwa uku a hannunka, kana can kana wasa da waya da gwangwanin madara, abin da ka koyo a soja. Ni ne na fi kowa yi maka dariya.

Na daina ne a shekarar da ciwo ya kurmantar da matarka Barakatu. Namiji ba ya wuce zaure sai an amsa masa sallama, ita kuwa ba ta ji. Baƙi su yi ta sallama, su gaji su tafi, har aka fara cewa gidanka ba a karɓar mutane. Sai ka ja waya daga tsohon batirin lori, ka yanka gwangwani ka yi makunni a zaure, ka rataya ƙwan tocila a ɗakinta. Baƙo ya danna sau uku, wuta ta ƙifta sau uku, sallama ke nan. Ita ma ta danna nata, ɗan injin share gilashin mota ya kaɗa cokali a jikin ƙwarya a zaure. Liman ya saurari ƙwaryar, ya ce, "To, ai an amsa."

Da na isa Yendi ranar addu'ar uku, na tarar da maza cike da zaure. An danna, an danna, ƙwarya shiru. Barakatu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, kuma duk zangon babu wanda ya san kan wayarka. Muka zauna muna kallon gwangwani kamar zai yi magana. Ban ɓoye ba, raina ya ɓaci, don na ga an binne ka an kuma rufe Barakatu.

Bayan la'asar ƙanwarka Fuseina ta leƙo ta ce, "Ku ɗan dakata, Barakatu tana kankare bakin batir da wuƙa, yadda yake yi." Ashe shekara biyu tana kallon hannunka, mu ba mu sani ba.

Na tashi na danna sau uku. Cokali ya bugi ƙwarya. Dattawan da ba su yi hawaye a maƙabarta ba, nan suka sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Barakatu da Fuseina da dangi na Yendi da Bawku haƙurin rashi. Ranar da ka yi sallama a ƙofar Aljanna, Allah Ya sa a amsa maka tun ta farko.

Issahaku Mutala, Salaga