Jarkokin da Aka Bar Mini a Setapak

Motar ba tawa ba ce. Ta wani matashi ce ɗan unguwarmu ta Kano, da ke digirin farko a wata kwaleji mai zaman kanta a Kuala Lumpur, ni kuma ina digiri na uku a fannin sinadarai da tallafin gwamnati, ina zaune a Setapak da matata da 'ya'yanmu biyu. Da zai taho, babansa, Alhaji mai dillancin atamfa, ya kira ni a waya ya ce, "Ga ƙaninka nan, ka sa masa ido." Tun daga lokacin yake ce mini Yaya, ranar Juma'a kuma a gidanmu yake cin tuwo.

Mota ce baƙa mai ƙofa biyu, ƙirar Japan, cikinta kamar zai taɓa kwalta. Wani makanike a Cheras ya sake saita mata inji yadda fetur zalla ba ya yi mata, sai an haɗa da etanol, wani nau'in alkohol, kuma etanol ɗin ne mai rinjaye. Gidajen mai ba sa sayar da wannan haɗin, don haka a jarka yake sayo etanol, ya sha fetur kaɗan, ya zuba sauran da hannu. Da ya gane na san kan abin, sai awon ya dawo wuyana. Ni ma ina jin daɗin aikin. Etanol yana sanyaya inji, yana barin a matsa masa ba tare da ya yi ƙara ba, sai dai motar na zuƙarsa kamar rami, da safe kuma sai an lallaɓa ta kafin ta tashi. Ban taɓa tambayarsa ko Alhaji ya san da ita ba. Na ɗauka uban da ya turo ɗa ƙasar waje ya san abin da yake hawa.

Da annoba ta fara ƙamari, aka kira shi gida kafin a rufe iyakoki. Ya kawo motar wurin ajiye motoci na ƙarƙashin benenmu, ya hau da jarkoki shuɗaye guda huɗu har barandarmu, domin masu kula da ginin sun hana ajiye su a ƙasa.

"Yaya, wata ɗaya ne na dawo. Ka dai riƙa tayar da ita."

Na san dalili. Etanol yana jan ruwa daga iska, iskar garin kuwa kullum a jiƙe take. In mota ta daɗe a tsaye da shi, tsatsa ta kama famfon mai, nozul ya toshe, roba ta ruɓe. Saboda haka duk mako sai in sa takunkumi in sauka, in tayar da ita, in zagaya tsakanin ginshiƙan siminti a giya ta ɗaya. Motar da aka gina don gudu, iyakacinta daga wancan bango zuwa wannan. Waje kuwa shingen 'yan sanda ne, ba a fita sai cefane.

A lokacin ina koyar da 'ya'yan ɗalibai 'yan uwana karatun Alƙur'ani ta waya bayan la'asar, tunda an rufe masallatai da makarantu. Ba biya ake yi ba. Yaran sun fi jin Turanci da Malay, amma suna ƙoƙari, kuma wannan sa'ar ce take raba mini yini da yini.

Cikin azumi gas ya ƙare wa maƙwabcinmu ana dab da shan ruwa. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai, mutumin da muka sha cin abinci a faranti ɗaya. Na ce ya shiga baranda ya ɗauki tukunyarmu ta ajiya. Ya ɗan jima a can. Da ya fito sai ya ce, "Malam, mene ne a jarkokin nan? Na ga an rubuta alkohol."

Na ce man mota ne, na fara yi masa bayani. Ya ce, "To, to," ya saɓi tukunya ya fita.

Kafin mako ya zagayo yara suka fara raguwa a karatu. Wannan an ce intanet ɗinsu ba kyau, wancan an ce kansa na ciwo. Matata ce ta fara jin zancen, daga bakin wata da ta kira ta wai don ta yi mata jaje. An ce ina ajiye barasa jarka-jarka, an ce nakan sauka ƙasa in kulle kaina a mota in sha, har akwai wanda ya rantse ya ji wari a jikina a cikin lifta. Wannan na ƙarshen bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya zuba etanol a tanki, hannunsa zai yi wari.

Na rubuta bayani a zauren ƙungiya na waya, na faɗi mai motar, na ce a tambaye shi. Shugaba ya tambaye shi a gaban kowa. Amsar ta zo da yamma: shi ya sayar da motarsa tun kafin ya taho gida, bai san zancen wasu jarkoki ba.

Na kira shi. Sai da na yi ta kira kafin ya ɗaga, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Akwai ɗan ƙanwar Alhaji a zauren nan. Wallahi in Alhaji ya ji ina da mota irin wannan, karatuna ya ƙare."

"To ni fa? Ka san abin da ake faɗa a kaina?"

"Kai babba ne, Yaya, kowa ya san halinka. Zance ne, zai wuce."

Ina da hotunansa a jikin motar, ina da saƙonninsa. Matata ta ce in watsa su kowa ya gani. Na buɗe wayar na rufe ya fi a ƙirga, ban tura ba. Har yau ban san ko tausayi ne ya hana ni ko gajiya. Na dai lura cewa waɗanda suka yarda da zancen ba hujja suke jira ba. Mutane ne masu karanta sinadarai da injiniyanci, sun san etanol sarai, da shi suke goge hannu a ƙofar kowane kanti. Kulle ya ishi kowa, ga labari ya samu.

Ranar sallah matata ta yi waina da miyar taushe, ta zuba a robobi, na bi ƙofa-ƙofa ina ajiyewa kamar yadda muka saba. Ba kwano ɗaya da ya shigo mana. Ta zauna a kicin da kwalliyarta, 'yarmu kuma tana ta tambaya ko baƙi sun kusa.

Na ci gaba da tayar da motar, don amana ce kuma ba ita ta yi mini laifi ba. Da aka sassauta doka, ya turo mini saƙo cewa makaniken Cheras ya samo mai saye. Na tuƙa ta zuwa can da jarkokin a but. A babban titi na taka ta sau ɗaya, ta manna ni da kujera, ta yi abin da aka gina ta dominsa. Ban ji komai a raina ba. Makaniken ya leƙa tanki, ya saurari inji, ya ce an kula da ita. A jirgin ƙasa na koma gida.

Shi bai dawo ba, a Kano ya ƙarasa karatunsa. Ni na kammala nawa muka tattaro. Da aka tashi ɗaura masa aure ya aiko mini da kati, na je saboda unguwa ɗaya muke. Bayan an shafa fatiha na durƙusa na gaida Alhaji. Ya riƙe hannuna, ya sunkuyo don kada na kusa su ji.

"Na ji jarrabawar da ta same ka a can. Ban gaya wa kowa ba. Na dai gode wa Allah da na janye yaron nan da wuri. Ina fatan ka daina."

Ango na tsaye a bayansa cikin babbar riga, yana duba wayarsa. Na ce, "Na daina, Alhaji." Ya sa mini albarka, ya ce a kawo mini abinci.