Rumbun da Yaya Ya Rushe

Ƙungiyar 'yan hatsi ta Babura ce ta ɗauke mu aiki, ni da yayana, ɗan wan mahaifina. Bayanan duk buhun da ya shiga sito da duk motar da ta yi lodi suna cikin wata ma'adanar bayanai da muke haya a intanet. Yaya yana zama da manya, ni kuma ina kwamfuta.

Da kaka ta matso na ga ma'ajin da muke haya ya kusa cika. Sai na buɗe na biyu, na kwashe bayanan shekarun baya na zuba can, kamar yadda ake mai da tsohon gero wani rumbu kafin sabo ya shigo. A taron ƙungiya Yaya ya miƙe ya ce yaron nan almubazzari ne, ya kama ɗaki biyu alhali ɗaya ya isa. Ina zaune a ƙasa. A gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wa a gaban mutane, don haka na haɗiye maganata, tana ƙona ni. Aka karɓe makullin shiga ma'ajin daga hannuna. Shi kuwa ya mayar da komai ma'ajin farko, ya goge na biyun, aka yi ta sa masa albarka.

Na koma Kazaure ina gyaran waya. Ko a masallaci sai in ji an ce, ai shi ne wanda ya so cutar 'yan hatsi. Wallahi na ƙulla shi a raina, kuma na san ranar tana zuwa.

Ranar kasuwa ta zo da riɗi. Ma'ajin ya cika maƙil, komai ya tsaya cak, babu motar da ta samu takardar fita. Wayata ta yi ta ƙara ina cin ɗanwake, ban ko kalle ta ba. Sai da shugaban ƙungiya da kansa ya kira sannan na wanke hannu na hau mota.

Na tarar da direbobi suna zage-zage, fataken Nijar sun cika bakin ofis, Yaya ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya nemi ya jawo ni gefe.

"Gyara shiru kawai, ma yi magana a gida."

Ban bi shi gefen ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa har ƙasa a tsakiyar jama'a, na ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji.

"Yaya, barka da rana. Ka ba ni izini in sake gina rumbun nan da ka rushe? Ba zan taɓa ba sai ka ce."

Yaya ya dubi shugaba, ya dubi ƙasa.

"Gina," in ji shi.

"Ban ji ba, Yaya."

Ya maimaita da ƙarfi. Aka maido mini da makullin, na buɗe sabon ma'aji, na kwashe tsofaffin bayanai, motoci suka fara fita. Daɗin da na ji ranar, ba zan ɓoye ba, har cikin ƙashina.

Tun daga ranar, a suna da jana'iza kawai muke haɗuwa. Tun ina rarrafe yake kirana ƙanena, yanzu kuwa sai ya miƙo mini hannu kamar baƙo, ya ce, "Malam, ina wuni." Ni ma in amsa masa, "Lafiya lau, Malam."