Inda Ariyadasa Ya Ajiye Sunana

Yanzu a ƙauyenmu in ana son ba da misali da mutum mai sanyin rai, sai ka ji an ce Ariyadasa. Har wani malamin makaranta ya ce zai rubuta tarihinsa. Na ce masa ya huta, ni zan rubuta. Ni na dafa wa mutumin nan shinkafa sama da shekara talatin, kuma ni aka ci wa mutunci kafin ran nasa ya yi sanyi.

Ariyadasa mijina ne. Ubansa mai hawan bishiyar kwakwa ne a wajejen Kurunegala, shi kuwa ko tsani ya hau sai jiri ya kama shi, don haka ya bi mota. Kwandastan bas ne tun yana saurayi har ya yi furfura. A bas ɗin ma muka haɗu. Ina dawowa daga sakandare ya daka mini tsawa wai in matsa ciki, na ce ya fara matsar da bakinsa daga kunnena. Ba a jima ba iyayensa suka zo gidanmu neman aure.

Abin da aikin nan ya bar masa shi ne murya da fushi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa rataye a ƙofar bas yana kiran sunayen garuruwa a kan ƙarar inji ba ya iya raɗa. In ya ce zai gaya mini sirri, maƙwabta kan leƙo ta katanga su ba da tasu shawarar.

Da ya yi ritaya fasinjoji suka ƙare, fushin bai ƙare ba. Ya yi faɗa da rediyo, ya yi da karen maƙwabta, ya yi da ni. Wata safiya yana zagin wani biri da ya saci ayabarmu, sai kawai ya zube a bakin rijiya. Likita ya ce hawan jini ne, ya hana shi gishiri da busasshen kifi. Sannan ya kalle ni ya ce, "Mama, magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. In ya ci gaba da irin wannan fushi, ɓarin jikinsa zai shanye, in ma an yi sa'a ke nan."

'Yarmu Nilmini ce ta kawo maganar haikali, wurin ibadarmu. Babban malaminmu, wanda muke kira Hamuduruwo, ya buɗe ajin zaman natsuwa duk ranar cikar wata da kuma yammacin Lahadi. Ni da kaina na wanke wa Ariyadasa fararen kaya, na goge, na tura shi gaba kamar mai kai saniya kasuwa.

Da fari lura da numfashi aka koya musu. Nasa numfashin kamar bas na hawan tudu yake, amma abin ya karɓe shi. Jininsa ya fara sauka. Biri ya dawo ya ɗauki ayaba a gabansa, abin da ya ce kawai, "Ɗan banza." A gidanmu wannan gaisuwa ce.

Daga nan Hamuduruwo ya shiga darasin fatan alheri. Ranar da ya yi bayanin ba na cikin zauren, domin gidanmu ne ke da abincin malamai, ina can baya ina kankare tukwane. Ku riƙe wannan.

Da aka sake zama na shiga. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, kowa cikin fari a kan tabarma, fitilun man kwakwa na ci, furen bado na ƙamshi. Kusa da ni Dingiri Menika ce, dattijuwar da ba ta taɓa fashin zuwa haikali ba, ba ta kuma taɓa fashin jin abin da ba nata ba.

Hamuduruwo ya ce a hankali, "Ku rufe ido. Kowa ya fara da kansa, a zuci."

Sai ga raɗar Ariyadasa daga ɓangaren maza, wadda ko a tasha za a ji ta. "Ni Ariyadasa, in zauna lafiya, in sami farin ciki, in rabu da wahala."

Wasu suka yi tari. Na sunkuyar da kai.

"Yanzu wanda kuke ƙauna."

Ba zan ɓoye ba, na ɗan gyara zama.

"Direba Tikiri Banda, ya zauna lafiya, ya sami farin ciki."

Tikiri Banda! Tsohon da ya taɓa jefa su cikin gonar shinkafa da bas cike da mutane! Na haɗiye takaicina.

"Yanzu wanda ba ruwanku da shi, ba so ba ƙi."

"Yaron nan mai duba mitar wuta, ya zauna lafiya."

"Yanzu wanda kuke fushi da shi. Abokin gabarku. Nan ne ake daɗewa."

Sai na ji an ja dogon numfashi.

"Lilawati, ta zauna lafiya. Lilawati, ta sami farin ciki. Lilawati, ta rabu da wahala."

Ni ce Lilawati. Kuma ku sani, mazan zamaninmu ba sa kiran sunan matansu. Tun da aka kawo ni gidansa "ke" nake, in ya so shiri "Maman Nilmini". Ranar da na fara jin sunana a bakinsa, a gurbin abokan gaba na ji shi, gaban duk matan ƙauye. Bai ma faɗa sau ɗaya ya wuce ba. Nanatawa yake ta yi, yana ajiyar zuciya.

Dingiri Menika ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe.

Muna fita, muna neman takalmanmu, ta dafa ni. "Ƙanwata, ki yi haƙuri. Ai da sauƙi, tunda har yana yi miki fatan lafiya."

Na ce, "Yaya, ki nemi takalminki."

"Na gan shi. Me kike ba shi a gida ne haka?"

Ban jira mun shiga ɗaki ba, tun daga ƙofar gida na fara. Na lissafa masa rigunan da na wanke, da miyar da nake ci ba gishiri saboda shi. Na ce shi Tikiri Banda ya zo ya dafa masa mana. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya rufe, ai ya gama magana a haikali. Fuskarsa ta yi jajir, jijiyar goshinsa ta miƙe.

"To na daina zuwa! Shi ke nan? Na daina!"

Ya kuwa daina. Ni ma na daina yi masa magana, in na ajiye abinci sai in buga cokali a kwano. Kafin wani watan ya cika mutumin dā ya dawo. Ya kori mai duba mitar nan da tsintsiya. Wata rana da hantsi na miƙa masa shayi, kofin ya suɓuce masa ya fashe. Ya zauna yana dafe da ƙeya. Bai yi tsawa ba, wannan ne ya tsorata ni. Maganar likita ta dawo mini.

Na yafa farin mayafi na nufi haikali. Na sami Hamuduruwo a baranda da maficinsa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Hamuduruwo, ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Ajinka ya mai da ni abin dariya, shi kuma da ya bari yana neman mutuwa. Ka gaya mini wanne zan ɗauka."

Ya kare fuskarsa da mafici. Kafaɗunsa na motsi. Malami guda, yana dariya!

Ya ce, "Mama, ranar da na yi bayani kina ina?"

"Ina wanke tukwanen da kuka ci."

"To, na ce musu a gurbin wanda ake ƙauna kada kowa ya sa mijinsa ko matarsa, don hankali kan zame ya tafi wani wurin. Da aka tashi mijinki ya biyo ni nan, ya ce to matarsa fa, ina zai sa ta? Na ce a ƙarshe, inda muke yi wa dukkan masu rai fatan alheri, tana ciki. Ya ce, tare da kwaɗi da tururuwa? Ya fita yana ƙunƙuni. Ban san inda ya kai ki ba sai ranar da kowa ya ji."

Na dawo gida na same shi kwance a kujerarsa ta baranda. Na tsaya a kansa.

"Baban Nilmini, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin bar ni na yi magana?"

"Yi yanzu."

"Kujeru huɗu ne a motar nan ta Hamuduruwo," in ji shi. "Ɗaya tawa. Ɗaya an hana ki. In sa ki inda nake sa mai duba mita? Saura ɗaya. Kuma Hamuduruwo ya ce a nan aka fi daɗewa. Tikiri Banda sau ɗaya nake faɗa in wuce."

Har zuciyata ta fara laushi, sai ya ƙara da cewa, "Kuma tsakani da gaskiya, tunda na bar bas, da wa nake faɗa in ba ke ba? Biri ba shi da suna."

Kun ji mutumin da ake son rubuta wa tarihi.

Na shiga ɗaki na ciro fararen kayansa na jefa masa a ciki. Na ce Lahadi zai koma. Ya ce to sunan wa zai sa? Na ce nawa, kuma kada ya kuskura ya ba wata kujerata.

Hamuduruwo ya yi ƙoƙarin koya masa ya riƙa faɗar abin a zuci, abin ya gagara. Yanzu mutane sun saba, wasu ma da muryarsa suke gane inda aka kai. Jininsa ya sauka har likita ya yarda ya ɗanɗana busasshen kifi ranar sabuwar shekara. Kofi bai sake suɓuce masa ba.

Ni kuwa na bar kusa da Dingiri Menika na koma sahun gaba. Kwanan baya ta tare ni a ƙarƙashin bishiyar Bo mai tsarki da ke haikali, wai ita dai ba za ta iya jure irin wannan ba. Na ce, "Yaya, naki mijin a wace kujera ya sa ki?" Ta je ta tambayi mijin nata. Ya ce yana tsammanin tana cikin dukkan masu rai.